Tsohuwar A-kori-kura: Wane Gyara Ne Ya Riƙe Amana?

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, garin Hershey na jihar Pennsylvania a Amurka, wanda aka fi sani da kamfanin cakulan, yakan cika ya batse da tsofaffin motoci da masu su. Ƙungiyar AACA ce ke da taron, ƙungiyar da aka kafa tun 1935 don masu sha'awar motocin da. Ana baje tsofaffin kayan gyara a rumfuna dubbai, sannan a jera motoci a fili, alƙalai su bi su ɗaya bayan ɗaya. Motar da ta kai shekara 25 tana iya shiga. Ana ba ta maki 400 tun daga farko, sai a riƙa zaftarewa duk inda aka ga abin da bai dace ba. Alƙali zai durƙusa ya leƙa ƙarƙashin shasi, ya duba kan noti, ya duba irin zoben da aka ɗaure tiyon lagireto da shi. Tambayarsa ɗaya ce: haka motar nan za ta kasance ranar da dila ya miƙa wa mai saye makullinta?

A kan motar alfarma, tambayar ba ta da wuyar amsawa. An ƙera ta don ƙawa, an ajiye ta a inuwa, takardunta na nan a aljihun tebur. A-kori-kura kuwa don wahala aka yi ta, kuma a nan maganar mayar da ita yadda take ta zama mai sarƙaƙiya.

Kafin kamfanoni su farga, manoman Amurka da kansu suke yanke bayan ƙaramar mota su kafa mata akwatin katako don ɗaukar buhuna. A 1925 ne Ford ya fara sayar da Model T mai bodin kaya haɗaɗɗe daga masana'anta, a kan dala 281. Amma motocin da masu wannan sha'awa suka fi rububi su ne na bayan yaƙin duniya na biyu. Tun daga 1942 masana'antun motoci suka koma ƙera kayan soja, don haka da aka gama yaƙi manomi da magini da mai shago duk motocinsu sun gaji. Dodge ya ɗauko motar sojansa ya yi mata 'yar kwaskwarima ya fito da Power Wagon, Chevrolet ya fito da sabon samfurinsa a tsakiyar 1947, Ford kuma ya biyo da F-1 a 1948, wadda ta zama F-100 a 1953. Zuriyarta ce har yau ke kan gaba a cinikin a-kori-kura a Amurka, matsayin da ta riƙe tun 1977. Babu wanda ya sayi waɗannan motoci da niyyar adanawa. An yi dakon taki da itace da shanu da su, injin ya buga aka sa wani, ƙofa ta lotsa aka ciro ta wata mota, ƙarshe aka jingine su bayan rumbu kaji suka mayar da su akurki. Sai da 'ya'ya da jikokin masu su suka yi kuɗi sannan aka koma nemansu.

Mu ɗauki guda mu dube ta da kyau: Chevrolet 3100, mai ɗaukar rabin tan, wadda aka ƙera daga 1947 zuwa farkon 1955. Ga wanda bai sani ba, duk kamarsu ɗaya. Ga masani, kowace shekara da shaidarta. Ƙananan gilasan iska masu kusurwa uku a ƙofa sai a 1951 suka zo. Hannun ƙofa mai maɓallin dannawa na 1952 ne, kafin nan murɗawa ake yi ƙasa. A shekarun yaƙin Koriya an rage farin ƙarfe mai sheƙi saboda bukatar soja, aka koma shafa fenti a wuraren da da suke walƙiya. Gilashin gaba kashi biyu ne da sanda a tsakiya, sai a 1954 ya zama falle ɗaya, shekarar da aka ƙara wa injin girma. Idan ka ga ta 1950 da hannun ƙofa mai maɓalli, to ƙofar aro ce, kuma alƙalin Hershey zai gane tun daga nesa.

Tuƙa ta ma wani darasi ne. Murɗa makulli ba ya tayar da ita. Za ka kunna, ka jawo cok, sannan ka taka wani ƙarfe da ke ƙasa kusa da totur, yatsun ƙafa a kansa diddige a kan totur, batir mai bolt 6 ya juya injin a kasalance kamar ba zai kama ba. Sitiyari ba shi da mataimaki, sai ƙarfin damtse. Abin share gilashi da zuƙar iskar injin yake aiki, shi ya sa idan kana hawa tudu cikin ruwan sama ka taka totur sai ya yi sanyi ko ya tsaya cak, daidai lokacin da ka fi bukatarsa. Fitilar baya guda ɗaya ce a ɓangaren direba, ta biyu sai mai saye ya ƙara kuɗi, haka ma rediyo da na'urar ɗumama ɗaki. Idan ta kai gudun kilomita 80 a awa, kukan injin zai gaya maka ka dakata haka. Wanda ya ce zai mayar da ita yadda take, duk wannan ya ɗauka, har da abubuwan da za su ba shi haushi.

Inda aka fi cin amanar waɗannan motoci shi ne daɓen bodinsu, kuma masu ƙaunarsu ne ke ci. Chevrolet da katakon fain mai araha yake shimfiɗa daɓen, ya shafe shi da baƙin fenti marar sheƙi, ya danne tsakanin allunan da siraran ƙarafa, domin ya san gobe shebur zai karce shi. Je ka wurin baje kolin motoci yau ka leƙa bayansu. Za ka tarar da katakon oak mai tsada, an goge an shafe da banish har kana ganin fuskarka, ƙarafan kuma fari fat suna ɗaukar ido. Yana da kyau, babu musu. Sai dai babu manomin da ya taɓa karɓar irinta daga dila. Haka fenti: koren duhu shi ne launin da kamfanin ya fi shafa wa waɗannan motoci, shafi mai sauƙi, wani wuri da ɗan gargada, wani wuri feshin ya tsallaka ya taɓa inda ba a nufa ba. Tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki ba ta zama daidai sama da ƙasa, don ma'aikacin da ke kan layi ba shi da lokacin awo. Mai gyara na yau yakan kwashe makonni yana daidaita tazarar, ya yi fenti hawa-hawa ya rufe da ruwan sheƙi, ya goge ƙarƙashin shasi inda kamfani ya bari da baƙin shafi kawai. Garin gyaran gira ake rasa ido: motar ta fi sabuwa kyau, amma ta daina ba da labarin yadda ake ƙera motar talaka a 1950. Ƙa'idar AACA ba ta ƙara maki don an wuce kamfani a ƙawa, ba ta kuma ragewa. A ganina nan ta yi sassauci, domin ƙarin da ba na asali ba ƙarya ce ko da kyakkyawa ce.

Aikin kansa ba na mai gaggawa ba ne. Ana kwance motar gaba ɗaya, a ɗaga ɗakin direba da bodi daga kan shasi, a ɗauki hoton komai kafin a taɓa shi, kowane noti da ƙusa a jefa shi a leda a rubuta daga inda ya fito. Sai a kankare fenti har ƙarfe ya bayyana, kuma a ranar ce mai mota yake sanin abin da ya saya. Tsatsa tana da wuraren zamanta: kusurwoyin ɗakin direba na baya inda laka ke taruwa, daɓen ƙarƙashin ƙafa, gindin ƙofofi. Masu wayo tun wurin ciniki suke zuwa da ɗan maganaɗisu a aljihu, su bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa, to bodi-fila ce aka cusa aka rufe rami. Gyaran gaskiya shi ne a yanke ruɓaɓɓen wurin, a lanƙwasa sabon ƙarfe mai kauri irin na asali, a yi walda baki da baki, a goge har hannu ya kasa jin gaɓar. Masu sana'ar kan yi lissafin awa dubu ko fiye a kan mota guda.

Kayan gyara hawa uku ne. Mafi daraja su ne waɗanda kamfanin da kansa ya ƙera a wancan zamani amma ba a taɓa ɗaura su ba, suna nan cikin kwalinsu a wani tsohon shago. Sai na hannu, da ake cirowa daga matattun motoci a gyara. Sai kuma sababbin ƙira, da kamfanoni irin su LMC Truck a Kansas da Dennis Carpenter a North Carolina ke sayarwa, yawancin ƙarafan jikin a Taiwan ake buga su. Kamfanin Coker a Chattanooga yana yin tayoyi irin na da, wasu da ainihin tsofaffin mazubai. Kasuwar ta yi girman da yau kana iya sayen ɗakin direban Chevrolet na 1950 sabo dal, da bodi, da madigadi, da gilashi, duk ta waya. Nan kuma tsohuwar tambayar fartanyar gado take tasowa: uba ya sauya mata ƙota, ɗa ya kai wa maƙeri ya sa sabon ruwa, jika kuma yana rantsuwa da ita kakansa ya yi noma. Hukuma ta sauƙaƙa wa kanta, ta ce mota ita ce lambar shasinta, shi ya sa ciro farantin wannan lamba daga wata mota a manna wa wata don yaudara laifi ne a dokar Amurka. Masu tara motoci kuma suna ƙara kuɗi sosai idan injin da ke ciki shi ne wanda ta fito da shi.

Turawan Turai sun zauna sun yi wa batun rubutacciyar ƙa'ida. Ƙungiyar FIVA ta duniya, wadda aka kafa a 1966, tana ɗaukar mota a matsayin kayan tarihi idan ta kai shekara 30, an riƙe ta a kan siffarta ta tarihi, kuma ba ita ce abin hawan yau da kullum ba. Yarjejeniyarta ta Turin, da ta fara aiki a watan Janairun 2013, ta kwaikwayi yadda ake kula da tsofaffin gine-gine. Abin da ya fi jan hankalina a ciki abu biyu ne. Na farko, sauye-sauyen da mota ta samu a zamanin aikinta su ma tarihi ne, ba dole a kankare su ba. Na biyu, duk abin da aka sabunta a rubuta shi, a ma yi masa alama, don wanda zai gaji motar ya bambance na asali da na gyara. Wato yarjejeniyar ta mayar da tambayar alƙalin Hershey ta zama biyu: wace rana ce za a koma? Ranar da ta fito daga kamfani, ko wata rana a 1962 da sunan shagon mai ita ke rubuce a ƙofa, da ƙugiyar da maƙerin ƙauye ya yi mata a baya?

Wannan tunani ya yi ƙarfi a 'yan shekarun nan. AACA tana da rukuni na musamman na motocin da ba a taɓa kwance su ba. A gasar Pebble Beach ta California, wadda ta fi kowace daraja, a 2024 wata Bugatti ta 1934 da aka bari da tsohon fentinta da tabonta ce ta cinye babbar kyauta, karo na farko da irinta ta yi haka. Dalilin a fili yake: ana iya sake gyara mota sau goma, amma fentin kamfani idan aka kankare shi ya tafi ke nan. Da farashin irin waɗannan ya tashi, 'yan damfara ma suka samu sana'a. Yanzu akwai masu yi wa mota sabon fenti su bi shi da sanfefa da sinadari don ya yi kamar ya sha ranar shekara 60, har su rubuta sunan wata gonar da ba a taɓa yi ba a jikin ƙofa. Wannan ya fi katakon oak muni, don mai oak bai ce da kowa na asali ba ne.

Akwai kuma inda riƙon amana bai yiwuwa ko bai kamata ba. Takalman birki na da da asbestos ake yin su, kuma ƙurarsa na jawo cutar daji. Fetur mai dalma da aka ƙera injinan dominsa an hana sayar da shi ga motocin titi a Amurka tun 1996, Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina a 2021, don haka masu gyara da yawa kan sa wa bawul mazauni mai tauri. Birkin mai layi ɗaya ne: tiyo guda ya fashe, ƙafafu huɗu sun rasa birki lokaci ɗaya. Bel ɗin kujera babu. Tankin mai kuma, daga 1949 har 1972, Chevrolet a cikin ɗakin direba yake sa shi, bayan kujera, kana tafiya kana jin fetur na kaɗawa a bayanka. Wasu da suka ga haka sai suka zaɓi tsohon jiki da sabon ciki: su ɗora tsohon bodi a kan shasin zamani, da injin V8 na yanzu, da giya mai sauya kanta, da na'urar sanyaya ɗaki. A gwanjon Barrett-Jackson da ake yi a Scottsdale ta Arizona duk watan Janairu, irin waɗannan sukan fi na asali tsada. Ford da kansa a 2021 ya nuna wata F-100 ta 1978 da aka cire wa injin aka sa mata na lantarki.

Ba na ganin laifin mai yin haka da kuɗinsa, matuƙar ruɓaɓɓiya ya samu, kuma bai kira abin da ya haɗa da sunan tarihi ba. Abin takaici shi ne a samu lafiyayyar mota da ta tsallake shekara 70 da injinta da fentinta, a yanka ta don a ji daɗin tuƙi. Motocin daɗin tuƙi sun cika kasuwa. Game da tsaro kuwa, wanda zai hau titi da iyalinsa ya sa bel, ya raba layin birki biyu, ya ajiye tsofaffin kayan a kwali, ya rubuta abin da ya yi. Sauyin da za a iya warwarewa da sifana a wuni ɗaya bai ɓata komai ba. Maganar riba kuma a ajiye ta gefe, don a mafi yawan lokuta kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Masu harkar da kansu sukan ce sayen wadda wani ya gama gyarawa ya fi arha. Kamfanonin ƙera motocin ma sun shigo harkar: Land Rover ya fara sayar da tsofaffin Series I da ya gyara da kansa a 2016, Toyota kuma a 2021 ya sanar da sake ƙera wasu kayan Land Cruiser 40.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa wannan wasan masu ƙoshi ne. Da gaskiyarsa, amma mu ma muna da a-kori-kurar da ta ci sunan tarihi. Peugeot 404 ta fito a Faransa a 1960, mai bodin kaya ta biyo baya a 1967, kuma an ci gaba da haɗa 404 a Kenya har 1991. Magajiyarta 504 ta fito a 1968, a-kori-kurarta kuma wajen ƙarshen shekarun 1970. Masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, ta kuma ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa. Waɗannan su suka yi dakon gero da wake zuwa Dawanau, suka kai awaki da fasinja Maigatari da Mai'aduwa da Illela ranar kasuwa, suka yi aikin asibitocin karkara da ma'aikatun gona. Duk wanda ya taɓa zama a bayanta a kan buhu, ƙafafu na lilo, ya san ƙarfin sifirinta.

Bakanikenmu gwani ne wajen raya mota, sai dai burinsa daban ne da na mai gyaran Hershey. Shi so yake ta tashi gobe da asuba ta nemo abinci. Kafireta ta lalace, ya sa ta wata mota. Sifirin ya kwanta, ya ƙara masa ganye biyu. Mai walda ya kafa mata ƙarafan tamfol da benci, mai fenti ya yi mata zane da addu'a a baya. Da wannan dabara motar da aka yi don shekara 15 ta yi 40. Amma da wannan dabarar ce kuma ya zama da wuya ka samu guda da ke nan yadda ta fito daga Kakuri. Idan kuma ta kwanta gaba ɗaya, ba ta samun shekara 30 a bayan rumbu tana jiran jika mai kuɗi. 'Yan gwangwan za su auna ta a sikeli, a yanka, a loda a tirela zuwa masana'antun narka ƙarfe, ta dawo a matsayin rodin gini.

A Sochaux, garin Peugeot, akwai gidan tarihin kamfanin da aka buɗe a 1988, inda ake adana tsofaffin samfura, ana kuma samar wa masu su kayan gyara. Da wani gidan tarihi ko wani mai hali a Kaduna zai yi niyyar ajiye tamu, da na ce ya nemi biyu. Ɗaya a mayar da ita ranar da ta bar layin haɗawa, da fentin kamfani marar ƙawa da kujerar leda. Ɗayar kuma a bar ta yadda hanyar kasuwa ta mayar da ita, da ƙarin sifirinta da bencinta da rubutun bayanta, a tsayar da tsatsa kawai, don a tarihinmu ta biyun ce mutane suka hau. Injin da giyabos ba za su yi wuyar samu ba, har yanzu suna fitowa a Fanteka da Ƙofar Ruwa. Abin da zai ba da wahala ƙananan abubuwa ne da babu wanda ya damu ya ajiye: murfin fitilar baya, robar das-bod da rana ba ta fasa ba, ƙofar bodi ta baya da ba a taɓa yi wa walda ba. Sai kuma tsofaffin ma'aikatan masana'antar, waɗanda suka san wane gilashi da wane batir da wace kujera aka yi a Nijeriya, wane kuma ya zo a akwati daga Faransa. Waɗanda suka fara aiki a can suna samari a 1975, yau sun haura shekara 65.